Kafin A Yi Wa Kwamfutarka Fomat, Dubi Agogonta

 A makon nan zan taɓo wani ciwon kai ne da ya shigo gidajenmu tun da aka koma yin ganawa, darasi da gaisuwar dangi ta bidiyo. Ka buɗe Zoom ko Teams a kwamfuta, ka rubuta imel ɗinka da kalmar sirri daidai, abin nan ya yi ta juyawa, can sai ya ce maka ya kasa haɗuwa. Ka sake, shi ma ya sake. Ga lokaci yana tafiya, ga mutane can suna jiranka.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne wani abu da ya faru da 'yar yayana a nan Haɗejia. Ta nemi gurbin karatun digiri na biyu da tallafi a wata ƙasar waje, aka sa mata ranar ganawa ta Zoom, ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ana gobe da la'asar aka sauko da kwamfutar marigayi mahaifinta daga saman sif, inda aka ɗora ta tun watan Agusta, lokacin da kogi ya fara cika, kowa yana ɗage kayansa sama, matasa suna kwana a bakin jinga da buhunan yashi. Aka kunna, ta tashi lafiya lau. Aka haɗa ta da datar waya, ta nuna ta haɗu. Amma Zoom ya ce atafau ba zai bari ta shiga ba. Ƙanenta ya ɗauka ya kai wani shago, yaron shagon bai yi minti biyu yana dubawa ba ya ce bairos ne ya cinye ta, sai an yi fomat an ɗora sabon Windows. To a cikin wannan kwamfutar ne hotunan marigayi suke, da kwafin takardun gonakinsa na fadama, da muryarsa da ya naɗa yana karatu. Allah Ya sa mahaifiyarsu ta ce kada a taɓa komai sai an kira ni.

Na ce wa yaron ya dawo da ita gida. Da ta iso na buga wa yarinyar waya.

"Kawu, wallahi daidai nake rubutawa, na canza kalmar sirrin har sau biyu."

Na ce, "'Yata, bar maganar kalmar sirri tukuna. Dubi can ƙasa ta hannun dama, wajen agogo. Wace rana ta rubuta?"

Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Kawu, ta ce ɗaya ga Janairu, 2013."

Cutar ke nan gaba ɗaya. Gyaran bai ci mu minti uku ba, ko kwabo ba a kashe ba.

Bari in yi maka bayanin dalili, domin in ka gane shi ba wanda zai sake tsorata ka da wannan. Duk lokacin da kwamfutarka za ta miƙa kalmar sirrinka ga Zoom, ko Google, ko Microsoft, ba ta miƙawa haka kawai. Sai ta fara neman ɗaya ɓangaren ya nuna mata takardar shaida cewa shi ne na gaskiya, ba wani ɗan damfara ne ya tsaya a tsakiyar hanya ba. Wannan takardar tana ɗauke da ranaku biyu, ranar da ta fara aiki da ranar da za ta daina, kamar dai lasin tuƙi. Kwamfutar kuma ba ta da abin da za ta auna waɗannan ranaku da shi sai agogonta. Ka ɗauka wani mai gadi ne ya yi barci ya farka yana zaton har yanzu 2013 ake ciki, ka miƙa masa katin da aka buga bana. Me zai ce? Zai ce na jabu ne, domin a lissafinsa ba a ma zo shekarar ba. Haka kwamfutar take yi, sai ta rufe ƙofa. Abin haushin shi ne manhajar ba kasafai take fitowa fili ta ce maka agogo ne ba. Sai dai ta ce ta kasa haɗuwa, ko ta jefo maka wata lamba, kai kuma ka koma zargin kanka da mantuwa.

In kana son tabbatarwa, buɗe Chrome ka nemi kowane shafi. Shi Chrome ya fi gaskiya a wannan wuri, yakan rubuta maka ɓaro-ɓaro "Your clock is behind", wato agogonka yana baya.

Gyaran a Windows 10 da 11 kusan ɗaya ne. Ka kai linzami kan agogon, ka danna maɓallin dama, ka zaɓi inda aka ce a daidaita rana da lokaci. Za ka ga "Set time automatically". Mutane da yawa sukan kunna shi su danna "Sync now" su ga ya ƙi, sai su ce ba nan matsalar take ba. Nan take. Idan tazarar ta yi yawa, kamar shekaru, Windows yakan ƙi gyara kansa. Don haka kashe shi tukuna, ka danna "Change", ka sa ranar yau da lokacin yanzu da hannunka, sannan ka sake kunna shi. Ka kuma duba yankin lokaci. Namu shi ne "West Central Africa", mai UTC+01:00. Kwamfutocin hannu da ake kawowa kasuwannin Kano, irin su Farm Centre da titin Beirut, da yawansu suna zuwa da lokacin Amurka ko Ingila, mai shago ya juya agogon kawai ya yi daidai da na bangon shagonsa, ya bar yankin yadda yake. A ido daidai ne, amma a lissafin kwamfutar akwai saɓanin awoyi.

To me ya mayar da agogon baya tun farko? A cikin kwamfuta akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, irin wanda ake sa wa makullin mota, yawanci sunansa CR2032, ƙarfinsa bolt uku. Aikinsa shi ne riƙe agogo yana tafiya lokacin da kwamfutar take a kashe. Yana yin shekaru, amma ba ya dawwama. Kwamfutar da ta yi shekara bakwai ko goma a wani ofis a Turai kafin ta iso hannunka, batirin nan nata ya riga ya tsufa. Ga kuma babban batirin da yawanci ya mutu, sai an jona wuta take tashi. A irin zamanmu da ake yawan ɗauke wuta, a kuma ajiye kwamfuta wata biyu ko uku ba a kunna ba, ba abin mamaki ba ne ta farka a wata shekarar. Alamar da za ta nuna maka batirin ya mutu ita ce ka gyara agogo yau, ka kashe, gobe ka kunna ka tarar ya koma. A kwamfutar tebur canza shi abu ne mai sauƙi, yana nan a fili a kan babban allon ciki. A ta cinya kuwa sau da yawa yana naɗe cikin roba da 'yan wayoyi biyu, sai an kwance bayanta. Wannan kam kai wa mai gyara, ka gaya masa abin da kake so a canza da bakinka, ka kuma tsaya a yi a gabanka.

Kada a ce na ci mutuncin masu gyara. Akwai ƙwararru a garin nan, na san wasu da ba za su taɓa goge wa mutum kaya ba sai sun kwashe masa. Sai dai fomat ya zama wa wasu yara kamar farasitamol, kowace cuta shi ne maganinta, saboda ba ya buƙatar tunani kuma kuɗinsa ya fi. A labarin da na ba ka, da an yi fomat ɗin ma ba lallai ya magance komai ba, tunda batirin yana nan a mace. Da an rasa hotunan ne kawai a banza.

Idan ka duba agogo ka ga daidai yake, abu na gaba da zan zarga shi ne datar kanta. Alamar da ke ƙasa tana cewa ka haɗu ba ta nufin kana da intanet. Tana nufin kwamfutar ta haɗu da wayarka ne kawai. Wayar kuma ƙila ba ta da abin ba ta. Nan ne inda mutanenmu suka fi faɗawa: datar da ake saya mai araha ta WhatsApp da Facebook kaɗai. Mutum yana ganin saƙonni suna shigowa wayarsa, ya rantse yana da data, alhali irin wadda yake da ita ba ta buɗe Zoom ko Teams. Danna *323# a kowane layi, tun da hukumar NCC ta haɗe lambobin kamfanoni a 2023 wannan lambar ce ta duba data, ka karanta da kyau wace iri ce ta rage maka. Ka kuma yi lissafi: kiran bidiyo tsakanin mutum biyu a Zoom yakan ci kusan rabin giga a awa ɗaya, in mutane suna da yawa ko hoton yana da kyau sosai ya fi haka. Wanda zai shiga ganawa da mega ɗari biyu, a tsakiyar magana za a yanke shi.

Sai kuma ƙarfin sabis. Wanda ke cikin gari da wanda ke ƙauyukan Auyo, Guri ko Kiri Kasamma ba ɗaya suke ba, kowa ya sani. Dubi saman wayarka. In harafin E kake gani maimakon 4G, kada ka wahalar da kanka da kalmar sirri, manhajar za ta gaji da jira ne ta ce ta kasa. Ƙarafunan sabis da dizal suke aiki, idan ruwa ya yanke hanya a damina ba a kai musu mai a kan lokaci ba, sai ka ga layin da ka saba da shi ya yi sanyi kwana biyu. Shi ya sa nake ba duk mai muhimmiyar ganawa shawarar ya tanadi layi biyu na kamfanoni daban-daban. Wata dabara kuma da ba a cika amfani da ita ba: maimakon ka raba data ta iska, jona wayar da kwamfutar da kebul ɗin caji, ka kunna "USB tethering" a wayar. Haɗin ya fi tsayawa, wayar tana samun caji, ba ta kuma yin zafin da take yi a watan Afrilu har ta kashe rabon datar da kanta. In ɗakin rufin kwano ne mai kaurin bango, matsa kusa da taga.

Wani lokacin kuma laifin ba na gidanka ba ne, ba ma na jihar ba. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga matsala, har bankuna a Najeriya suka yi ta ba da haƙuri. Ina tunanin kwamfutoci nawa aka yi wa fomat a wannan makon ba su ci ba ba su sha ba. Kafin ka taɓa komai, tambayi maƙwabcinka ko nasa yana yi.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da zan bi ta kansu da sauri. Manhajar VPN da mutane suka ɗora lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ko wadda yaran gida suka sa don neman intanet na ɓagas, takan bar saiti a baya ko da an daina amfani da ita. Kashe ta, sannan ka shiga Settings, ka je "Network & Internet", ka je "Proxy", ka tabbata "Use a proxy server" a kashe yake. Haka manhajar kariya daga bairos da ta zo da kwamfutar wadda wa'adinta ya ƙare tuntuni, takan tare hanya. Idan Zoom ya nuna maka 5003, ko wata lamba mai farawa da 1041, ma'anarta bai iya kaiwa ga cibiyarsa ba, don haka a hanya za ka nemi matsalar, ba a kalmar sirri ba. Zoom kuma yakan daina karɓar tsofaffin samfuransa lokaci-lokaci, wanda aka ɗora shekara biyu da suka wuce sai an sabunta. Ka sauke shi daga shafin kamfanin, ba daga filashin wani ba.

Masu Skype kuwa, ku yi haƙuri. Na san akwai dattawan da tun zamanin da 'ya'yansu ke karatu a Sudan ko Malesiya da shi suka saba. Microsoft ya rufe shi ranar 5 ga Mayu, 2025. Ba gyaran da za a yi ya dawo. Da wannan asusun naka dai za ka iya shiga Teams na kyauta. Haka ma wanda har yanzu yake kan Windows 7, wanda aka daina kula da shi tun Janairun 2020, manhajoji suna ta yaye shi ɗaya bayan ɗaya. Shi ne kaɗai a cikin jerin nan da zan ce lallai yana buƙatar sabon Windows, amma shi ma sai an kwashe kayansa tukuna.

Yanzu ga abin da da yarinyar nan ta sani da ba ta yi kuka ba. Mafi yawan lokuta, wanda aka gayyata ganawa ba ya ma buƙatar shiga asusu. Mai shirya taron ne yake buƙata. A fuskar farko ta Zoom, ban da wajen shiga asusu, akwai wajen shiga taro kai tsaye. Lambar taron da kalmar da aka aiko maka a imel sun isa, sai fa idan mai taron ya sa sharaɗin dole sai mai asusu, kuma in haka ne yawanci sukan faɗa a takardar gayyata. Idan manhajar ce ta ƙi gaba ɗaya, danna mahaɗin da aka aiko, ka ƙi yarda ya buɗe manhaja, ka nemi inda aka ce a shiga ta burauza. Teams ma yana da wannan, Google Meet kuwa dama a burauza yake aiki. In duk sun ƙi kuma saura minti biyar, ɗauki wayarka ka jingina ta da littattafai ka shiga da ita. Masu ganawa fuskarka da amsarka suke so, ba su damu da na'urar da kake kai ba.

Ita ma kalmar sirrin tana da nata tarkon. Da yawa wani ne ya buɗe musu asusun, ya danna "Sign in with Google". Irin wannan asusun ba shi da wata kalmar sirri ta Zoom, ta ƙofar Google ake shiga. Kana rubuta kalmar imel ɗinka a gurbin Zoom zai yi ta cewa ba daidai ba, in ka matsa da yawa ma ya kulle ka na wani lokaci. Danna alamar Google ɗin, burauza za ta buɗe, ka zaɓi imel ɗinka, sannan wani ɗan akwati zai fito yana tambaya ko a buɗe Zoom. Ka yarda. Mutane sukan rufe akwatin nan suna zaton talla ne, su koma suna jiran abin da ba zai zo ba. Ka kuma tabbata layin da aka yi rajistar imel ɗin da shi yana hannunka, domin daga sabuwar kwamfuta Google yakan aika lambar tantancewa can.

Tunda an zo maganar lamba, dole in tsaya a nan, musamman saboda iyayenmu mata da 'yan ƙungiyoyin makarantun Islamiyya da na tsofaffin ɗalibai. Wani zai kira ki da ladabi, ya ambaci sunan zauren WhatsApp da kike ciki, ya ce akwai taro ta Zoom da daddare, an turo miki lambar shiga, ki karanto masa ya sa sunanki. Hajiya, wannan lamba mai alƙaluma shida ba ta taro ba ce, makullin WhatsApp ɗinki ne. Kina karantowa ya tafi da asusunki, ya fara bin 'yan uwa yana roƙon kuɗi da sunanki. Babu taron da ake shiga ta hanyar karanto wa wani lambar da ta shigo wayarki. Kashe wayar kawai. Ki sa a kunna miki tantancewa mai mataki biyu a cikin saitin WhatsApp, yau ba gobe ba.

Abu ɗaya da ya rage shi ne lokacin taron kansa. Idan manhajar ta ce a jira mai taro ya buɗe, to ka shiga ke nan, babu abin da ya lalace, ƙila dai ka yi sammako ko ka makara. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, Malesiya da awa bakwai. Ingila kuwa mai rikitarwa ce: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da su, sauran watannin muna gabansu da awa ɗaya. Duba da agogon wa aka rubuta lokacin. Kuma tunda ba a fafe gora ranar tafiya, Zoom yana da ɗakin gwaji a zoom.us/test, inda za ka shiga kai kaɗai ka ga fuskarka, ka ji muryarka. Yi wannan kwana biyu kafin ranar, a daidai lokacin da za a yi ganawar, a kuma ɗakin da za ka zauna.

'Yar tawa ta yi ganawarta a ɗakin mahaifiyarta, waya tana jone da kebul a kan taga, ƙanenta yana tsaye a ƙofar gida yana korar yara masu hayaniya. Da safen sai da ta sake gyara agogon da hannu, don ya koma 2013 cikin dare. Ranar Asabar muka kai aka canza batirin, muka sayi filashi biyu muka kwashe hotunan da takardun gonakin, ɗaya yana wajen mahaifiyarsu, ɗaya yana wajena. Sakamakon ganawar dai har yanzu muna jira, a taya mu da addu'a.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba matsalar da ke biyo bayan wannan: ka shiga lafiya, suna ganinka, amma ba sa jin muryarka.